ƘULLIN ZAREN MAMA

Shafi na 23

Masu cika min waya da "ina ci gaba, ina ci gaba" kamar ba ni da miji ba ni da wanki, ga shi nan, ku sarara min. Ke kuma da kika ce in kashe Matar Yaya a wannan shafin, ki yi haƙuri, alƙalami ne a hannuna ba wuƙa ba.

Mun tsaya inda Yaya ya sa lauya ya rubuta takardar da za ta raba Baba da shagon ɗinkinsa, wai tun rasuwar Mama tsufa ya taɓa masa kai.

*

Malama, autar Baba, ba ta tsaya gyara mayafi ba, ta faɗa shagon da jaka a hammata.

Abin da ta fara gani rigunan ne. Rigunan 'yan makaranta guda sittin, koraye shar, jibge a kan teburin yanka. Kowace riga an bi wuyanta da bakin aljihunta da jan zare, ja wur. Ɗinkin kuwa ba a magana, a miƙe kamar an ja shi da rula. Makarantar ta dawo da su jiya, har da wasiƙar cin mutunci.

Baba yana zaune bayan keken ɗinkinsa, tef ɗin awo rataye a wuya, ya zuba wa ƙasa ido. Yaya yana tsaye a kansa da takarda da biro. Matar Yaya ta harɗe a kujerar masu jiran ɗinki tana taunar cingam, ƙas, ƙas, kamar ita ta gina wurin.

Yaya ya juyo ya murtuke fuska.

"Wa ya kira ki?"

"Shagon ubana sai an kira ni?"

"Auta, ba na son fitina da safen nan."

"Ai kai ka zo da ita a rubuce."

Matar Yaya ta yi 'yar dariya.

"Malama kenan. Yau ba makaranta ne, ko yaran ma sun gaji da ke?"

Malama ko kallonta ba ta yi ba. Ta durƙusa gaban Baba.

"Baba, ina kwana."

"Lafiya."

Shi ke nan abin da ya ce, bai ko ɗago ba. Zuciyarta ta karye. Wannan mutumin da in ya yi gyaran murya duk layin ke nutsuwa, yau shi ne ɗan cikinsa ya tsare da biro.

"Baba, kada ka sa hannu."

Yaya ya fizgo riga ɗaya daga tarin ya cilla mata a jiki.

"Duba! Buɗe idonki ki duba! Mai cikakken hankali ne zai yi wannan? Sittin fa, ba ɗaya ba, ba biyu ba. Wancan watan ya sa wa wandon wani maɓalli kore a kan yadi ruwan ƙasa. Jira kike sai ya ɗinke yatsansa da keke?"

"Ka duba ɗinkin."

"Na duba."

"Ba ka duba ba. Akwai inda ya karkace? Akwai awon da ya kuskure? Wanda kansa ya taɓu zai yanka riga sittin ba wadda ta matse, ba wadda ta yi yawa?"

"To aljani ne ya sa jan zaren?"

"Matarka ce."

Cingam ɗin ya tsaya.

"Ni? Ke Malama, ki iya bakinki. Ni na taɓa hawa keke?"

"Ba ki hau keke ba. Almakashi kika ɗauka. Sati biyu da rasuwar Mama, wa ya zo ya ce zai gyara wa Baba shago?"

"Laifi ne don na share ƙazanta?"

"Wa ya bi kwarkwaron zare ɗaya bayan ɗaya ya datse jelarsu?"

"Ni ce! Zare duk ya yi ƙulle-ƙulle yana reto kamar gashin mahaukaciya. Na gyara, ko sannu ba wanda ya ce min. Ashe ma tuhuma ce ke jirana."

Malama ta miƙe ta nufi tsohuwar durowar da ke bayan ƙofa, wadda take cijewa sai an ɗaga ta kafin ta buɗu. Shi ya sa hannun mai gyara bai kai can ba. Ta kwaso zare cike da tafin hannu biyu ta zube a kan rigunan.

Sai a lokacin Baba ya ɗago.

"Auta, mayar da su."

"Baba, ka yi haƙuri."

"Na ce ki mayar."

Muryarsa ta yi kaushi, amma ta riga ta hau, ba ta jin za ta iya sauka. Ta ware zaren gida uku.

"Yaya, matso. Wannan wace kala ce?"

"Ni kike yi wa jarrabawa?"

"Ja ne. Ga jelarsa, ƙulli ɗaya. Wannan ma ja, ƙulli ɗaya. Waɗannan koraye, ƙulli biyu biyu. Ruwan ƙasa, ƙulli uku. Ka ɗauki duk wanda ka ga dama, in ka samu ɗaya da ya saɓa, ni da kaina zan riƙe wa Baba takardar ya sa hannu."

Yaya ya ɗauki ɗaya, ya ajiye. Ya ɗauki wani, ya ajiye da ƙarfi.

"Sai me? Mama tana ƙulla zare don kada ya warware. Tun muna yara muke gani."

"Haka ta ce mana. To me ya sa ba ta ƙulla shuɗi? Me ya sa ba ta ƙulla fari da baƙi? Su ba sa warwarewa?"

Yaya ya ture zaren gefe.

Ita ma Malama shekara arba'in ta yi tana ganin abin nan ba ta gane ba. Kullum da safe Mama za ta riga kowa zuwa shago, ta zauna da kwandon zare a cinya tana ƙulle-ƙulle tana 'yar waƙarta. In mai ɗinki ta kawo yadi ta ce Baba ya zaɓa mata abin da zai hau da shi, sai ya shafa yadin, ya lumshe ido, ya ce, "Bar shi ya kwana a wurina, kala ba a yi mata gaggawa." Washegari ya faɗi zaɓin da za a yi ta santi. Har aka riƙa ce masa Mai Ido. Ashe yadin gida yake kwana, a gaban Mama.

Ta juya ta fuskanci Yaya.

"Baba ba ya bambance ja da kore. Ba yau ba ne, ba tsufa ba ne. Da shi aka haife shi. Da yatsa yake gane zare, ya shafa jela ya ƙirga ƙulli. Matarka ta datse ƙullin, ta bar shi a duhu."

Matar Yaya ta dafe ƙirji.

"Innalillahi! Yau ga ɗiya tana kiran ubanta makaho a gabansa."

"Ban ce makaho ba, kada ki sa min magana a baki."

Yaya ya fashe da dariya, irin wadda ba ta kai ciki ba.

"Mai Ido? Mai Ido ne ba ya ganin kala? Auta, karatun nan ya fara yi miki yawa. To bari in tambaye ki, tunda kin ce da shi aka haife shi. Ni ɗan waye?"

"Ɗansa."

"Kamarmu ɗaya ko ba ɗaya ba? Hancin nan, tsawon nan, har sanƙon nan da ya fara min. Komai nasa na kwashe. Me ya sa ni nake ganin ja da kore? Ko cewa za ki yi ba shi ya haife ni ba? Faɗi, tunda yau bakinki ya buɗe."

"Ba za ka taɓa gado daga wurinsa ba, ko da 'ya'ya maza goma ya haifa."

"Saboda ke kika raba gadon?"

Shekara goma sha shida tana koyar da ilimin halittu a sakandare, ba ta taɓa tsammanin za ta yi darasin nan a shagon ubanta, ga ɗalibi mai sanƙo da ke jin kamar ya shaƙe ta ba. Ta jawo kwarkwaro uku, dogaye biyu da wani ɗan guntu.

"Jikinka duk ƙwayoyin halitta ne, ƙanana, ido ba ya ganinsu. A cikin kowace ƙwaya akwai wasu zarurruka arba'in da shida, su ake kira kuromosom. A kansu aka rubuta yadda za ka kasance. Ashirin da uku daga Mama, ashirin da uku daga Baba, an jera su biyu biyu."

"Ji wani surutu."

"Biyun ƙarshe su ke raba mace da namiji. Mace tana da dogaye biyu, X da X. Namiji yana da dogo ɗaya da guntu ɗaya, X da Y."

Ta ɗaga dogon da hannun dama, guntun da hagu.

"Ga na Baba. Abin da ke sa ido ya raba ja da kore a kan dogon yake zaune, guntun ba ruwansa. Dogon Baba yana da tangarɗa. Shi kuma ɗaya gare shi, ba na canji. Da za a haife ka, guntun ya ba ka, shi ya sa ka zo namiji. Dogonka na Mama ne, lafiyayye. Ka gane? Ta wannan wajen ko ƙwayar zarra ba ka ɗauko daga Baba ba."

"Ke fa, uwar sani?"

"Ni dogon ya ba ni. Duk 'yar da ya haifa dogon zai ba ta, ba shi da wani. Ina ɗauke da shi. Na Mama ne ya rufa min asiri, shi ya sa nake gani."

Matar Yaya ta taɓe baki.

"Kin ji dabara. Ciwon da ba ya nunawa a jikin ɗa, ba ya nunawa a jikin 'ya. To a jikin wa za mu gani, a jikin keken?"

Malama ta ajiye kwarkwaron da ke hannunta. Sati uku tana riƙe da maganar nan, ko mijinta sai da ta roƙe shi ya bar ta a cikin ɗaki. Ta dubi Baba, ta dubi takardar da ke hannun Yaya. Ba ta da zaɓi.

"A jikin Dogo."

Dogo shi ne babban ɗanta, shekararsa goma sha tara, ɗan lelen Baba.

"Ba jinkiri aka samu a makarantar koyon aikin lantarki ba, kamar yadda na ce muku. Sun ƙi ɗaukarsa. Ya ci jarrabawa, ya ci ganawa, aka zo gwajin ido ya faɗi. Suka ce wanda ba ya raba jar waya da koriya ba za su sa shi gaban wuta ba. Dogaye biyu gare ni, ɗaya na Mama, ɗaya na Baba. Kowane ɗa namiji da zan haifa ɗaya zai ɗauka. Dogo ya ɗauki na Baba."

Tef ɗin da ke wuyan Baba ya zame ya faɗi ƙasa. Bai sunkuya ya ɗauka ba.

Yaya kuwa, maimakon jikinsa ya yi sanyi, sai idonsa ya kawo wuta. Ya samu makami.

"Yawwa! Yanzu na ji magana. Ashe ba ceton Baba kika zo yi ba. Ɗanki ya faɗi, kin rasa wanda za ki ɗora wa, sai tsoho marar gata."

"Yaya, ka ji tsoron Allah."

"Ke za ki ji! Baba, ka ji ta ko? Cewa take kai ka nakasa mata ɗa. Kai ka kashe masa gaba."

"Ƙarya kake! Ban faɗa ba!"

"Me kika faɗa in ba shi ba? Kin ce daga jikinsa ya fito, ya bi ta jikinki, ya sauka kan yaro."

"Ba laifin kowa ba ne! Ba wanda ke zaɓar abin da zai ba ɗansa. Baba ma daga wurin mahaifiyarsa ya karɓa."

"Oho, har kaka ta shigo. Saura wa? Ki tono su duka."

Matar Yaya ta tafa hannu.

"Mu dai Allah ya tsare mana namu 'ya'yan."

"Naku ba abin da zai same su ta wajen Baba. Da kin saurara da kin ji."

"Ba na sauraron rashin kunya."

Malama ta ji hawaye na neman zubo mata, ta mayar da su da ƙarfin tsiya. In ta yi kuka a gaban matar nan ta kaɗe. Ta zuge jaka ta ciro wani ɗan littafi mai baƙin bango da ta aro wurin likitan ido, da wata takarda a ninke.

"Ba sai mun yi ta musu ba. Ga littafin da aka gwada Dogo da irinsa. Kowane shafi ɗige-ɗige ne masu kala, da lamba a ciki. Akwai shafin da mai lafiyar ido zai ga lamba ɗaya, mai irin idon Dogo ya ga wata daban. Na rubuta abin da Dogo ya gani, ga shi a ninke."

Ta danne takardar da almakashi.

"Baba bai san me na rubuta ba. In ya faɗi lambar da ke cikin takardar nan, to ido ne, ba ƙwaƙwalwa ba. Ruɗewar tsufa ba ta sa kaka da jika su ga lamba ɗaya. In haka ta faru, ka yaga takardarka, ka fita, ni zan riƙa zuwa kullum ina ƙulla masa zare."

"In bai faɗa ba fa?"

"Zai faɗa."

"In bai faɗa ba, ki ɗauki jakarki, kada in ƙara jin bakinki a maganar shagon nan."

"Na yarda."

Ta buɗe shafin ta nufi Baba. Kuskuren da ta yi, ta bi ta gaban Yaya. Caraf ya warce littafin.

"Mu ga abin tsafin. Wannan? Wannan ne gwajin? Saba'in da huɗu ce, ko jariri ya gani!"

"Yaya!"

"Me? Ba saba'in da huɗu ba ce? Ke, duba."

Matar Yaya ta leƙo.

"Saba'in da huɗu, ɓaro-ɓaro."

Malama ta ji kamar ta ɗora hannu a ka. Ba haka ta tsara ba. Baba ya kamata ya fara gani, kafin kowa ya buɗe baki. Ta ƙwace littafin, ta durƙusa, ta ɗora shi a kan teburin keke.

"Baba, kada ka bi ta tasu. Abin da idonka ya gani kawai."

Baba ya ɗauko tabarau ya saka. Ya daɗe yana kallonta kafin ya kalli shafin, kallon da tun tana 'yar firamare rabon da ya yi mata irinsa.

"Auta."

"Na'am, Baba."

"Yara nawa na koya wa ɗinki a shagon nan?"

"Suna da yawa."

"Nawa na kora don sun haɗa kalar da ba ta dace ba?"

Ta sunkuyar da kai.

"In mutum ya tsufa, cewa ake Allah sarki, ya yi zamaninsa. In kuma aka ce shekara arba'in yana..."

Bai ƙarasa ba. Ya gyara tabarau.

"Uwarku ta tafi da bakinta a rufe. Ke da ta haifa kin fi ta sani."

"Baba, shagonka za su karɓe. Kekenka za su fitar. Yaya wayoyin salula zai zuba a nan yana sayarwa."

"Yaron yana cin abinci?"

Tambayar ta zo mata a ba-zata.

"Dogo? Yana... yana ɗan taɓawa."

Baba ya gyaɗa kai. Ya sunkuya a kan shafin. Ya ɗora yatsansa, wannan yatsan da allura ta cinye wa kai, ya fara bin ɗige-ɗigen a hankali kamar yadda yake bin layin alli a kan yadi.

Yaya yana duba agogo. Matar Yaya tana neman wani cingam a jaka. Malama kaɗai ke kallon yatsan.

Ya lanƙwasa ta sama, ya gangaro, ya ja kwance.

Biyu.

Ya ɗaga, ya matsa gefe, ya sauke shi a miƙe.

Ɗaya.

Ashirin da ɗaya. Abin da ke cikin takardar da ke ƙarƙashin almakashi kenan, lamba da lamba. Wani daɗi ya taso mata.

"Faɗa musu, Baba. Faɗi abin da ka gani."

Baba ya rufe littafin. Ya cire tabarau ya ninke, ya sa a aljihu. Bai kalle ta ba.

"Saba'in da huɗu."

"Baba!"

"Saba'in da huɗu na gani. Idona ƙalau yake. Tsufa ne."

"Wallahi na ga yatsanka! Baba, na ga yatsanka!"

Ya miƙa wa Yaya hannu.

"Kai, ba ni biron."